Asalin talaka ba ya cikin ofis

Matashin Zinder ko Maradi da ya tashi neman tarihin kakan kakansa, da wuya ya samu ko sunansa a ofishin magajin gari. Abin da ya dami Turawan Faransa shi ne sarakuna, magidanta masu biyan lanho da samarin da aka kwasa soja. Zuriyar Tanimun na Damagaram kam maroƙa sun riƙe ta tiryan-tiryan. Ta majemi ko maƙeri fa? Sai a bakin tsohuwa, ko a takardun rabon gado da gara ke ci cikin gafakar malam. Masu aiko da kuɗi daga Libiya da Abijan ya kamata su ware kaɗan, a ɗauki hoton takardun nan, a naɗi muryar tsofaffi tun suna da rai.