Talabijin ɗin bango: kafin a rataye shi, a san wanda zai riƙe linzaminsa



Duk wanda ya bi titin Gidan Zoo ko Court Road a Gyadi-Gyadi, ko ya gangara wajen Farm Centre da kasuwar Tarauni, zai ga yadda shagunan kayan lantarki suka jera faffaɗan talabijin ɗin nan na bango. Tsohuwar akwatin mai ƙaton ƙeya ta koma ɗakin ajiya ko teburin mai gyara. Yau da wuya a jera wa amarya ɗaki a Hausawa, Darmanawa, Daurawa ko Unguwa Uku ba a bar masa gurbi a bango ba. Magidanci kan shafe makonni yana tambayar inci nawa zai saya, wane kamfani ne mai ƙarko, nawa za a rage masa. Tambayar da ba kasafai yake yi wa kansa ba ita ce: a ina za a rataye shi, yaushe za a kunna, yaushe za a kashe, kuma wa zai riƙe rimot? A ganina wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma wanda bai amsa ta ba ciniki bai ƙare masa ba, ko da rasit yana aljihunsa.

Talabijin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara shi a Ibadan a 1959, ya iso Arewa ta Kaduna a 1962, sannan gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa wa Kano tashar CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. A wancan zamani tasha tana buɗewa da yamma ta rufe da dare, kuma abin da za a gani ƙalilan ne, sananne ne. Ta cikin akwatin nan mutanen Kano da yawa suka saurari tafsirin marigayi Sheikh Isa Waziri da na marigayi Sheikh Nasiru Kabara a watan azumi. Tashar ce take tace abin da zai shigo gida, ita ce kuma take sallamar kowa ya je ya kwanta. Yanzu babu mai yi wa magidanci wannan aiki. Da dish ko dikoda tashoshi sun kai ɗaruruwa, ba dare ba rana, kuma idan talabijin ɗin mai hawa intanet ne, to duk abin da ke YouTube ya zama maƙwabcin falonka. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ikonta bai kai ga abin da ake harbowa daga Indiya ko Turkiyya ko Amurka ba. Aikin tacewa ya dawo wuyan mai gida da uwargida.

Mu fara da sayen, domin a nan ne almubazzaranci yake fara shigowa cikin rigar buƙata. Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratul Furƙan, ya yabi bayin Allah da tsakaitawa wajen ciyarwa, tsakanin ɓarna da ƙwauro. Ma'aunin tsakaitawa a nan abu uku ne: ɗaki, wuta da aljihu.

Incin da ake faɗa ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Falon da tsakanin kujera da bango bai wuce mita 2 ba, inci 32 zuwa 43 ya wadatar da shi. Inci 55 yana son tazarar da ta kusa mita 3. Yawancin ɗakunan haya na ciki da falo a cikin lungunan Gyadi-Gyadi ba su da wannan fili, amma sai ka ga an ciwo bashi an rataye wanda ya cinye rabin bango, don kawai maƙwabci ya sayi irinsa, ko don kada dangin miji su raina jere. Wannan gasa ce, kuma iyayen amarya da angwaye su ne suke kwana da nauyinta.

Haka batun kyan hoto. Mai shago zai yi ta kururuta 4K, wato allo mai ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye. Gaskiya ne ya fi Full HD mai 1920 da 1080 tsabta, amma sai idan abin da ake haskawa an ɗauke shi kuma an aiko shi da wannan inganci. Mafi yawan tashoshin da muke kamawa da eriya ko ƙaramar dikoda ba su kai nan ba. Wanda kuma zai kalli 4K ta intanet, awa ɗaya tana iya cinye masa data kusan gigabait 7. Idan abin da gidanka yake kallo shi ne labarai, tafsiri, Arewa24 da tashar Harami, to ka biya kuɗin abin da idonka ba zai gani ba.

Sai wuta, wadda kowane mutumin Kano ya san halinta. Har yau mutane suna kiran kowane talabijin ɗin bango da sunan “fulasma”, alhali manyan kamfanoni irin su Panasonic, Samsung da LG sun daina ƙera ainihin fulasma tun wajen 2014. Abin da ke kasuwa yanzu galibi LED ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ga mai sayen na hannu. Tsohuwar fulasma tana da nauyi, tana zafi, tana kuma iya jan wat 200 ko fiye, yayin da LED mai inci 32 yawanci bai wuce wat 50 ba. Ga lissafi mai sauƙi: talabijin mai jan wat 100, idan yana aiki awa 6 kullum, zai ci yunit 18 a wata. A watan Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya ga waɗanda aka sa a rukunin Band A ya haura naira 200, ka ga ke nan a wancan farashi sama da naira 3,600 ne a wata kan kallo kaɗai. Mai jan wat 45 bai kai rabin haka ba. Wanda ya dogara da sola da batir ya fi kowa buƙatar ya juya bayan talabijin ya karanta takardar da aka manna kafin ya biya, domin babban allo yana iya shanye cajin da fanka za ta kwana da shi a watan bazara. Kuma kada a haɗa shi da soket kai tsaye. Dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa ita ce ajalin talabijin da yawa, don haka kuɗin sitabilaiza ko na'urar kariya yana cikin kuɗin talabijin. A lokacin hunturu a riƙa share ƙura daga ramukan shan iskarsa da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a fesa wa allon ruwa. A kuma samu ƙwararre ya kafa shi da ƙarfen da zai ɗauki nauyinsa, saboda wanda aka ɗora a kan kanta yaro mai koyon tafiya yana iya jawo shi ya faɗo masa.

A nan akwai nasiha ga 'yan kasuwarmu. Sananne ne cewa akwai talabijin da ake manna wa sunan babban kamfani alhali ba nasa ba ne, akwai wanda aka canza wa allo ko aka gyara aka mayar cikin kwali a matsayin sabo. Wannan algus ne, kuma haramcinsa ba ya buƙatar dogon bayani. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, kuma duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya wuce ta kan wannan mas'ala. Mai saye shi ma ya taimaki kansa: a kunna masa a shago, ya sa a nuna masa fari zalla da baƙi zalla don ya ga ko akwai tabo ko layi, ya gwada kowace kafa ta HDMI da USB, ya karɓi rasit da takardar garanti masu ɗauke da lambar na'urar. Idan biya kaɗan-kaɗan za a yi, a yanke farashi guda tun farko. Jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya fi na hannu idan an tsayar da shi lokacin ƙulla ciniki, amma ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkirin biya riba ce.

Yanzu ga babban al'amarin. Akwai bayin Allah masu kishin tarbiyya da suke ganin mafita ita ce kada talabijin ya shiga gidansu sam. Niyyarsu abar girmamawa ce, kuma wanda ya iya cike gurbin da karatu da hira da sana'a, ya yi abin yabo. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: a gidaje da yawa da aka kori talabijin, kowane yaro da ya tasa yana da waya a ƙarƙashin matashi, ƙananan kuma suna zarya gidan maƙwabta ko gidan kallo, inda ba uba ba uwa. An toshe ƙofar zaure an bar katanga a rushe. Allo ɗaya a falo, wanda uba da uwa da kaka suke gani tare da yara, ya fi aminci a kan alluna biyar a ɗakuna biyar. Abin da ake kallo a gaban iyaye kunya tana tsare shi. Idan wani abu ya gifta wanda bai dace ba, a nan take za a canza, a nan take kuma yaro zai ji dalili. Tarbiyyar da ake yi a kan misali mai rai ta fi zama a zuciya.

Saboda haka shawarata ita ce talabijin ya zama ɗaya, a falo, kada a sa shi a ɗakin yara. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma mai gida ya tuna adalci ya shafi har wannan, domin inci 50 a ɗakin amarya da tsohuwar akwati a ɗakin uwargida wuta ce aka hura da hannu. Ranar da aka kafa shi, a zauna a bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, a goge na gogewa, a kulle na kullewa da lambar sirri, a jera masu amfani a gaba. Kusan kowane talabijin da kowace dikoda suna da wannan tsari, amma kaɗan ne suke buɗe shi. Idan mai intanet ne, a sa YouTube a tsarin taƙaitawa, a kuma kashe tsarin da yake jawo bidiyo na gaba da kansa, domin shi ne yake ɗauko yaro daga karatun Ƙur'ani ya dire shi inda ba a aike shi ba.

Sannan a sa masa lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, kuma daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini. Iyaye mata da yawa, saboda yawan aiki, sun mayar da katun mai reno. Uzurinsu a fili yake, amma yaro yana koyon magana ne daga bakin da yake amsa masa. Ga manya kuma ƙa'idar ba ta da wuya: in an kira salla a kashe shi gaba ɗaya, rage murya bai isa ba. Wasannin ƙwallon Turai da yawa suna faɗowa ne a kan La'asar, Magariba ko Isha'i, kuma kowa ya san yadda sahu yake raguwa a irin waɗannan ranaku. Tsakanin Magariba da Isha'i lokacin tilawa ne da bitar haddar Islamiyya tun kakanninmu, kada wasan kwaikwayo mai dogon zango ya gaje shi. A kula da haƙƙin maƙwabci wajen ƙarar sauti, musamman a gidajen haya da bango ɗaya ya raba ɗaki da ɗaki, ko da kuwa wa'azi ake saurare.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan mai dokar shi ne farkon mai karya ta. Uban da ya hana yara kallo bayan ƙarfe 9 na dare, shi kuma ya raba dare yana canza tasha har Asuba ta kuɓuce masa, ya riga ya koyar da darasin da za a ɗauka. Hadisin kiwo da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya ɗora wa miji da mata alhakin gidansu, kowa da rabonsa, kuma tambayar da za a yi musu ta haɗa da abin da suka bari ya shiga idanu da kunnuwan 'ya'yansu.

Alherin wannan na'ura yana da yawa ga wanda ya riƙe linzaminta. Dattijuwar da ƙafa ta hana ta zuwa masallaci tana ganin sallar Tarawihi daga Makka tana zaune a kan dardumarta. Maniyyaci yana ganin yadda ake ɗawafi da sa'ayi kafin ya taka ƙasa mai tsarki. Karatuttukan malamai irin su marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam suna nan ana sakawa a filasha iyali su saurara tare. Yara suna ganin halittun teku da na daji su yi tasbihi. Wannan duka yana samuwa a inci 32 kamar yadda yake samuwa a inci 65.

Don haka, ya ɗan'uwa magidanci, kafin ka tafi kasuwa ka auna falonka, ka duba wutarka, ka ƙirga abin da zai rage bayan abinci da kuɗin makaranta. Sannan ka zauna da iyalinka ku yanke ƙa'idar kallo tun kwalin bai shigo gida ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya albarka a cikin abin da muke saye da abin da muke kallo, Ya tsare idanunmu da kunnuwanmu daga abin da zai zame mana nadama ranar gobe ƙiyama. Amin.