FILIN YAYA DA ƘANNE: Kwaɗon Ƙofa Da Ƙarfen Taga

 Gaisuwa ta musamman ga masu rubuto mani daga Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kebbe da Kuchi, da kuma ƙannena ɗaliban Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Tambuwal. 

Na so a wannan fitowa mu ci gaba da zancen kayan lefe, sai ga wasiƙar wata ƙanwarmu daga Kebbe wadda ta sa na ajiye wancan zance tukuna. Ta ce bikinta saura wata biyu. Angon ya gama mata ciki da falo, gwanin sha'awa, taga uku duk an zuba masu rodi an cije da siminti, ƙofa ɗaya ce tak ta ƙarfe. Ya kuma gaya mata cewa in zai fita hira da dare zai riƙa sa kwaɗo ta waje saboda ɓarayi. Ƙawayenta suna ta yi mata guɗa wai tsabar so ne da kishi, ita kuwa tun da ta ji haka gabanta ke faɗuwa. Tambayarta ita ce, ta yi magana, ko kuwa ta yi shiru kada a ce ta fiye tsirfa tun ba ta tare ba?

Ƙanwata, yi magana. Wallahi yi magana. Faɗuwar gaban nan taki hankali ne Allah ya ba ki. Ɗakin da ɓarawo ba ya iya shiga, in ba a yi dabara ba, mai ɗakin ma ba ta iya fita ran da wuta ta tashi, kuma wuta ba ta sallama.

Kada ku ce Yaya ta cika tsorata mutane. A ƙarshen watan Nuwamban 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan ɗalibai na makarantar sakandaren 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, 'yan mata 7 suka rasu, sa'o'inku, masu buri irin naku. A ƙasar Kenya a shekarar 2001 yara maza 67 suka mutu a ɗakin kwanan makarantar Kyanguli, ƙofa ɗaya a kulle, tagogi da ƙarafa. A watan Mayun 2023 a garin Mahdia na ƙasar Guyana yara 20 suka halaka, kusan dukkansu mata. An kulle ƙofofin ɗakin kwanan ne don kada su sulale da dare, tagogin kuma duk ƙarfe, da wuta ta tashi matar da ke riƙe da makulli ta ruɗe ta kasa gano shi a kan lokaci. Ku lura, babu wanda ya kulle yaran Guyanan nan don mugunta. Don tsaronsu aka yi, kamar dai yadda angon Kebbe yake nufi. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, hayaƙi ke fara kashe mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi. Ɗakin kakanninmu gadon kara ne da tabarma da ƙorai. Ɗakin amaryar yanzu kuwa katifar soso ce, da kujerun soso, da labulen leda, da kafet, da robobi jere a kabet. Waɗannan in suka kama, baƙin hayaƙi mai guba suke fitarwa, shaƙa kaɗan mutum zai yi jiri ya kwashe shi, kuma cikin 'yan mintuna, wani lokaci ƙasa da biyar, ɗaki duka ya zama tanderu. Kafin maƙwabta su samo gatari su fara dukan ƙofar ƙarfe, balle motar 'yan kwana-kwana ta taso daga inda take, aikin gama ya gama. Saboda haka hanyar fita dole ta kasance a hannun wadda ke cikin ɗakin.

Mutanen wasu ƙasashe ma da kuka suka koyi wannan darasi. A watan Disamban 1903 gidan wasan Iroquois a birnin Shikago na Amurka ya kama da wuta, mutum wajen 600 suka mutu, da yawansu a bakin ƙofofin da suka kasa buɗewa. Bayan wannan ne a Amurka aka fito da wata irin sakata, doguwar sanda a gicciye a jikin ƙofa ta ciki, wadda da an danna ta ko an jingina da ita sai ƙofar ta buɗe waje, alhali na waje ba ya iya buɗewa sai da makulli. A 1908 aka fara sayar da ita a can. A 1911 kuma a birnin Niyok ma'aikata 146 suka mutu a masana'antar ɗinki ta Triangle, akasarinsu 'yan mata, domin an kulle masu ƙofa, tsanin ƙarfen da ke bayan ginin kuma ya karye da mutane a kai. Wani abin da zai burge ku, tun 1887 wata mata mai suna Anna Connelly ta yi rajistar wata gadar ƙarfe da ake ɗorawa daga rufin bene zuwa rufin maƙwabcinsa don mutane su tsallaka. A Japan a yau benayen kwana da yawa suna da tsani a naɗe cikin wani murfi a ƙasan baranda, a ɗaga murfin tsani ya sauka zuwa hawan ƙasa. Akwai ma igiya mai birki wadda ake ɗaurawa a ƙirji ta sauko da mutum a hankali.

To mu da ke Tambuwal da Kebbe, inda yawancin gidajenmu ba benaye ba ne, me ya kamace mu? Abin namu ma ya fi sauƙi da araha.

Na farko ƙarfen taga. Ba na cewa a cire shi, kowa ya san halin rashin tsaron da ake ciki. Amma a kowane ɗakin kwana a sami taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗewa kamar ƙyaure. Duk mai waldan da ya iya ƙofa ya iya wannan. A sa mata sakata ta ciki, a rufe wurin sakatar da farantin ƙarfe yadda hannu daga waje ba zai kai ba. In dole sai an sa kwaɗo, to makullin a rataye shi a ƙusa kusa da tagar, ƙasa-ƙasa inda za a lalubo shi cikin duhu, nesa da inda hannun na waje zai kai, kuma kada a taɓa ɗauke shi. Tagar ta zama mai faɗin da mace mai ciki za ta iya fita. Duk wata a buɗe ta sau ɗaya a ɗiga mata mai, domin tsatsa da ƙurar hunturu suna cije ƙarfe.

Na biyu ƙofa. Kwaɗo ta waje alhali da mutum a ciki, wannan kam a'a, ko na minti biyar ne. Haka ke ma kada ki kulle yara a ɗaki ki ce bari ki leƙa maƙwabta. A sa makullin da ake buɗewa ta ciki da ta waje, kowa ya riƙe nasa, ki ƙara da sakata ta ciki. Ƙofar ɗakin da mutane da yawa ke kwana kuwa ta riƙa buɗewa waje, domin in jama'a suka taru suna turawa, ƙofa mai buɗewa ciki sai ta ƙara rufuwa.

Na uku tsani. Gidajenmu katanga ce doguwa da zaure ɗaya, in wuta ta tare zaure sai ta ina? A ajiye tsanin katako a cikin gida. Mai bene kuwa ta nemi tsanin igiya mai ƙugiya, ko igiya mai kauri da aka yi wa ƙulli-ƙulli, a kafa mata ƙarfe mai ƙarfi a bango kusa da taga. Dirowa daga sama ita ce dabara ta ƙarshe.

Na huɗu ƙararrawar hayaƙi. 'Yar aba ce kamar murfin kwano, da batir take aiki, ana maƙala ta a silin, da ta ji hayaƙi sai ta ɗauki ƙara ta tashi mai barci. Ku haɗa da bokitin yashi a bakin madafa, da jar tukunyar kashe gobara in da hali. Iyaye mata, a rage kwalla saiti ɗaya a jere a sayi waɗannan, babu wanda zai ce kun gaza.

Yanzu yaya za ki gaya wa angon? Ba da gatsali ba, ba kuma a gaban abokansa ba. Ki bari sai ya zo zance hira ta yi daɗi, ki yaba ɗakin tukuna, sannan ki ce, “Yaya, na san don ka tsare ni ka yi, na gode. Amma in risho ya kama ba ka nan, ta ina zan fita in same ka?” Namijin da ke son ki ba zai iya amsa wannan tambaya ya yi barci ba. In ya ƙi ji, ki gaya wa gwaggonki ko yayarki a kai maganar gun manya tun kafin a ɗaura, domin bayan tarewa gyara ya fi wuya.

Ku kuma 'yan makarantar kwana, ga aikinku yau da dare. Kowacce ta ƙirga gadaje nawa ne daga nata zuwa ƙofa, domin cikin hayaƙi ido ba ya aiki. Ku dubi ƙofa ta biyu, tana buɗuwa ko an jibge akwatuna da bokitai a gabanta? Wa ke kwana da makulli, a ina take ajiye shi? In kun ga abin gyara, shugabar ɗalibai ta kai magana gun malamar da ke kula da ku cikin ladabi. Kuma don Allah ku bar ɓoye kyandir da hita, kyandir ɗaya a gefen gidan sauro ya isa.

In kuwa abin ya auku, Allah ya kiyaye, ki yi ihu ki tashi kowa. Ki duƙa ki yi rarrafe, iska mai kyau tana ƙasa. Ki rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle in yana kusa. Kafin ki buɗe ƙofa taɓa ta da bayan hannu, in da zafi nemi taga. In zaninki ya kama kada ki gudu, kwanta ki yi ta birgima. Wutar mai ko ta kananzir ba a zuba mata ruwa, murfi ko yashi ake sawa, ta lantarki kuma a fara kashe layin. In kin fita ki ja ƙofar, a kira lambar gaggawa 112, kuma kada ki koma. Na san zuciya, za ta ce ga sarƙar gwal, ga atamfofin lefe, ga takardar jarrabawa. Duk ana sake samunsu.

Na san wata za ta ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya hore mu da kashe wuta kafin mu kwanta barci. To ga hunturu, lokacin kaskon garwashi a ɗaki, ku fitar da shi kafin barci ya ɗauke ku, ko bai ƙona komai ba iskarsa tana kisa a rufaffen ɗaki. Maganin sauro na kunnawa kuma a ɗora shi a faranti nesa da katifa.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu koma kan lefe. Duk wadda ta sa aka gyara tagar ɗakinta ko ta gidansu, ta rubuto mani in sa sunan garinsu a wannan fili. Allah ya tsare mu da gobara, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.

Taku har kullum,
Yayarku.