Kan Jirgi Ya San Sunansa, Amma Sai Ɗan Gidansu Yake Faɗa Wa



Yau ba saitin waya za mu yi ba, faɗa na zo yi. Kuma a kan abin da za ka iya cewa wasan yara ne: ƙananan jiragen ƙasan nan da ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur. A Jamus da Ingila da Amurka dattawa masu furfura ne ke zuba kuɗi a ciki. Girman da aka fi yayi, H0, kashi ɗaya ne cikin 87 na jirgin gaske. Kar ka wuce tukuna, don abin da ake yi wa mutanen nan kai ma an sha yi maka shi a kan cajar waya.

Kowane kan jirgi yana da ɗan dikoda a cikinsa, bai kai ɗan yatsa ba. Wuta da umarni duk ta ƙarafan layin suke bi. Uwar na'ura ce ke aika umarnin, kuma yanzu da wayarka ma za ka yi tuƙi ta Wi-Fi, misali da manhajar Z21 ta kamfanin Roco. Yaren da aka fi yi a tsakaninsu sunansa DCC. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya ƙirƙiro shi, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mai da shi ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990.

To, DCC na asali kurma ne. Uwar na'ura tana magana, ba ta jin amsa. Sannan sabon dikoda da lamba 3 yake fitowa daga masana'anta. Ka sayi biyu ka ɗora su tare, ka ce lamba 3 ta tashi, duka biyun su zabura. Dole ka kai kowanne wani layi na daban na saiti, ka canja masa lamba a ma'ajiyar da ake kira CV1, sannan ka zauna da biro kana rubuta wane maɓalli ne fitila, wanne ne ƙaho. Mai kan jirgi arba'in fa? Ka tausaya masa.

Maganin bai da wuya: a bar jirgin ya gabatar da kansa, kamar yadda abin sauraro na kunne ke bayyana sunansa a Bluetooth. Kuma an yi. A 2004 Märklin, tare da ESU, suka fito da mfx. Ka ajiye jirgi a kan layi, ka ɗan jira, sai ga sunansa da maɓallansa a fuskar na'ura. Lenz kuma ya kawo RailCom: uwar na'ura ta ɗauke wutar layin na ɗan lokacin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, a cikin wannan shirun dikoda ya aiko da amsarsa. Jirgin ko gezau ba ya yi. ESU ya ɗora RailComPlus a kan wannan, shi ma jirgi ya yi rajista da kansa. A Amurka Digitrax na da nasa hanyar jin amsa, Transponding.

Ka ga inda gizo ke saƙar? Ciwo ɗaya, kowa ya haɗa maganinsa ya kulle a durowa. Jirgin da ke gaisuwa da RailComPlus, ka ɗora shi a gaban uwar na'urar da mfx kaɗai take ganewa wajen rajista, shiru kake ji. Zai iya tafiya da DCC, amma ka koma gidan jiya, kai da biro. A kwali dai an rubuta maka wai yana gane kansa. Eh, yana ganewa, in a gidansu ne.

Na san me za ka ce. Kamfani ya kashe kuɗi ya yi bincike, ba zai ci guminsa ba? Ya ci mana. Amma a ci shi a ingancin mota da daɗin sauti da sauƙin manhaja, ba a ƙofar shiga ba. Ai DCC ɗin kansa shaida ne: da Lenz ya riƙe shi a aljihu, da ba a samu tarin kamfanonin da ke yin dikoda yau ba, kuma Lenz bai rufe shago ba don ya saki. Wani kuma zai ce akwai dikodoji masu jin yare da yawa, akwai ma uwar na'ura irin ECoS ta ESU da ke karɓar rajista ta hanyoyin biyu. Gaskiya ne. Amma wannan ai tafinta ne ka ɗauka da kuɗinka, don maƙwabta biyu sun ƙi gaisawa.

Haka muka yi ta yawo da igiyar caja kala-kala har Tarayyar Turai ta tilasta USB-C, iPhone 15 ta bi sahu a 2023. A harkar jiragen ba hukuma ce ta tsawatar ba. Ƙungiyar masu ƙera kayan a Turai, RailCommunity, ita ta rubuta buɗaɗɗiyar ƙa'ida mai lamba RCN-218, ana ce mata DCC-A. Kowane dikoda yana da lambar kamfaninsa da tasa ta kansa, uwar na'ura ta yi kira, sababbin zuwa su amsa ta RailCom, ta ba kowa lambar aiki. Kowa na iya karanta takardar ya gina. Kamfanin da har yau ya ƙi saka ta, a ganina ba fasaha ce ta gagare shi ba.

In har za ka shiga wannan harka, ko wani naka a waje zai sayo maka, kar kalmar “otomatik” ta ruɗe ka. Tambayi sunan ƙa'idar: mfx ce, RailComPlus ce, ko DCC-A? Ka tambaya a kan dikoda, ka sake tambaya a kan uwar na'ura. In kana da na'urar ƙara ƙarfin wuta a layi, ita ma sai ta iya ɗauke wutar nan ta ɗan lokaci, in ba haka ba jirgin zai yi ta amsawa babu mai ji. Sannan ka leƙa CV29, don a can ake kunna RailCom: in a kashe take, ƙara 8 a kan adadin da ka tarar.