Sikila: Nauyin jinya ya tare a kan iyaye mata

Kowace ranar 19 ga watan Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2008 domin cutar sikila, ministocin lafiya kan yi jawabi su zayyano alƙaluma. Wadda ba kasafai ake ambata ba ita ce mai kwana zaune a gefen maras lafiya. Galibi uwa ce, wani lokaci kaka ko babbar ya.

Wani bincike da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 7.7 ke fama da sikila a duniya a 2021, kuma cikin jarirai dubu 515 da aka haifa da ita a shekarar, kusan kashi 80 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara suke. Cutar, wadda ake kira amosanin jini, likitoci a ƙasashen renon Faransa kuma ke rubuta drépanocytose, tana lanƙwasa ƙwayoyin jini kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwo ke tashi a ƙashi da baya da ƙirji. Sanyin hunturu, zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da shi. Ga manya da dama ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya, musamman idan ƙugu ya lalace ko gyambo ya kama ƙafa.

A yawancin asibitocin yankinmu dangi ne ke ciyar da maras lafiya, su yi masa wanka, su kai takardar likita kantin magani, su nemo mai ba da jini. A Kamaru da Cadi fiye da rabin kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Uwar da ke tuyar ƙosai ko sayar da koko, idan ta yi mako a asibiti, ta rasa ciniki ta kuma taɓa jari. Sau da yawa ƴar gidan ce ke barin makaranta ta riƙe ƙanne.

Ga Hausawa mazauna Briqueterie a Yawunde, ko unguwannin Njamena da Abijan, akwai ƙarin wahala biyu. Ta farko harshe: likita na bayani da Faransanci, alhali wadda ta san lokacin da ciwon ya fara da maganin da aka sha ba lallai ta iya mayar masa ba. Ta biyu nisan dangi. A garinsu na asali ƴan uwa kan karɓi juna kwana-kwana, a baƙunta kuwa mutum ɗaya ne ke yin duka.

Sai batun maganin ciwon kansa. Morfin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, ba shi da tsada, amma samunsa a wajen manyan asibitoci sai an sha wuya. Kwamitin masana na Lancet ya gano a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin ɗari na morfin da ake rabawa. A ɗaya gefen, tiramol na yawo a tashoshin mota da teburan ƴan tireda, da ƙarfin da ya wuce wanda likita ke rubutawa. Yaƙin da hukumomi ke yi da shi ya dace, sai dai ya sa wasu ma'aikatan lafiya na kallon matashi mai sikila da ke roƙon allura kamar ɗan ƙwaya. Mai jinya kuma, idan ta rasa a asibiti, kan koma wa ɗan tireda.

Bayan wannan duka, uwa ce ake ɗora wa laifi, har wasu aure ya mutu. A gaskiya yaro ba ya samun SS sai ya gado daga uwa da uba duka. Idan su biyun AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Gwajin jini kafin aure ne ke nuna haka.

Akwai inda aka gwada aka ga sauƙi. Uganda ta fara haɗa morfin na ruwa ta hannun Hospice Africa Uganda tun 1993, kuma a 2004 ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi, abin da ya kai maganin har gidajen ƙauye. Gwajin hydroxyurea da aka yi wa yara a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna raguwar tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace. Duk tashin ciwo ɗaya da aka kauce wa, kwanakin asibiti ne da bashi da aka ɗauke wa iyali.

Saboda haka, abin da ya kamata a tambayi gwamnatoci shi ne ko tsare-tsarensu na inshorar lafiya, irin wanda Kamaru ta ƙaddamar a 2023, za su ɗauki hydroxyurea da maganin ciwo mai ƙarfi har asibitocin gunduma. Kafin nan, sarakunan zango, limamai da ƙungiyoyin mata na da abin yi da ba ya jiran kasafi: jerin masu ba da jini, ɗalibai masu yin tafinta a asibiti, asusun adashe na jinya, da tsarin karɓa-karɓa domin uwa ta samu barcin dare ɗaya. Mun saba zuwa dubiya mu ce “Allah ya ƙara sauƙi” mu tafi. Wadda muka bari a kan tabarma ita ma tana buƙatar a tambaye ta yaya jiki.