Araha Ba Ta Ado: Ƙaramin Jirgin Zariya Zuwa Jos

Jama'a, ina so in jawo hankalinku ga wata hanyar jirgin ƙasa wadda Turawa suka sa wa sunan Bauci, ko da yake ba ta taɓa isa birnin Bauci ba. Dalilin sunan kuwa shi ne, a zamanin nan ƙasar Jos cikin Lardin Bauci take.

Kuza ce ta jawo ta. Da fari a kā ake ɗaukar kuza, 'yan alaro su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko, bakin Binuwai. Da babban dogo ya iso Zariya, sai aka fid da reshe daga can. Ya kai Rahama cikin 1912, ya hau dutse ya kai Jos da Bukuru cikin 1914, watau mil 143. In jirgin zai gangaro ya ɗauko kuza, in zai hau ya kai wa masu haƙa injuna da abinci.

To, ga inda na ga an yi kuskure. Don a rage kuɗi aka yi faɗin dogon ƙafa 2 da inci 6, alhali na babban dogo ƙafa 3 ne da inci 6. Saboda haka taragunsa ba su iya hawa babbar hanya. Ko wane buhu ya iso Zariya sai lebura sun sauke shi, sun sake loda shi cikin wani jirgi.

Wadansu za su ce ai da babu gara ba daɗi, kuɗin da ke hannu ke nan. Gaskiyarsu, ya yi aiki. Amma ku dubi ƙarshensa. Cikin 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafancan, kuza ta sami hanyar Fatakwal ba sauke-sauke, ciniki ya guje wa ƙaramin jirgi. Ya yi ta jan jiki, ga motoci suna ƙwace ɗan abin da ya rage, har aka rufe shi cikin 1957. Wa ya yi hasara? Manoman Soba da Dutsen Wai da Rahama. Da faɗinsa ɗaya ne da na babban dogo, ina tsammani da bai mutu da wuri haka ba.

Mu da za a danƙa wa aikin jama'a gobe, in an kawo mana shawarar aiki mai araha, mu tambaya tukuna: zai haɗu da abin da ke kewaye da shi? Allah ya sa mu gane, amin.