Kafin ka canza kenel ɗin wayarka, ka san inda take neman direbobinta

Akwai ƙorafin da ke yawan fitowa daga masu yi wa waya rutin da filashin: an sa sabon kenel, waya ta tashi lafiya, amma Wi-Fi ya ƙi kunnuwa, Bluetooth ya mutu, wani lokaci ma allon ya daina jin taɓi. Nan da nan sai a ce kenel ɗin ne ba shi da kyau, ko a ce Google ce ta kulle komai don ta takura mana. Ni dai a ganina kullewar nan tana cikin abubuwan kirki da aka yi wa Android, kuma mafi yawan masu ƙorafin ba su san abin da suka taɓa ba ne.

Kenel shi ne zuciyar babbar manhajar waya, shi ke tsakanin manhajojinka da kayan ƙarfen da ke ciki. Android kenel ɗin Linux take amfani da shi. To amma ba duk direbobi ne aka dunƙule a cikinsa ba. Da yawa an ajiye su daban a matsayin ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .ko, ana ce musu modul, sai an buƙace su ake lodawa. A wayoyi da dama masu MediaTek, irin Tecno da Infinix da suka cika hannayenmu, za ka ga fayil mai suna wlan_drv_gen4m.ko, shi ne direban Wi-Fi. Kar fa ka haɗa su da modul ɗin Magisk, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Tambayar ita ce, a ina ake nemo su, kuma wace folda ake fara dubawa?

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne FreeBSD, tsarin da Sony ta gina manhajar PlayStation 4 a kansa. Can akwai jerin foldoji da ake bi ɗaya bayan ɗaya, a fara da /boot/kernel sannan /boot/modules. Umarnin kldconfig -r zai nuna maka jerin. Ana iya ƙara folda, kuma idan aka haɗa da -i sai ta shiga sahun gaba. Wanda aka fara tararwa da sunan da ake nema, shi ake ɗauka. A kwamfuta mai Linux kuma, modprobe yana duba /lib/modules ne, cikin foldar da ke ɗauke da lambar kenel ɗin da ke aiki, bisa lissafin da depmod ya rubuta a modules.dep.

Ka lura da kyau a nan. Modul ba kamar manhajar da ka sauke daga Play Store ba ce, wadda sai ta roƙi izinin kyamara ko lambobin waya. Da zarar an loda shi ya zama ɓangaren kenel, babu mai tambayarsa ina za shi. Ke nan duk wanda ya iya ajiye fayil a foldar farko ta jerin, ya sa masa sunan direban gaskiya, ya gama da kai: saƙonninka, lambar sirrin bankinka, hotunanka. Wannan jerin foldojin ƙofar gida ce, ba wurin wasa ba.

Shi ya sa Android ba ta bar wa mai waya damar sake jerin ba. Yayin tashi, ana fara loda direbobin da ba makawa sai da su daga ramdisk, bisa tsarin da ke cikin fayil ɗin modules.load. Sauran kuma suna /vendor/lib/modules. Daga Android 11 aka fito da ɓangare na musamman mai suna vendor_dlkm domin modul ɗin kamfanin da ya ƙera wayar, a Android 13 aka ƙara system_dlkm. Waɗannan ɓangarori karantawa kawai ake yi, ba a rubutu a kansu, kuma dm-verity yana tantance ko an taɓa su.

Yanzu ka ga abin da ke faruwa idan ka sa baƙon kenel. Ka canza kenel, amma direbobin da ke /vendor/lib/modules na tsohon ne. Kowane modul yana ɗauke da shaidar kenel ɗin da aka gina shi dominsa, idan ba su dace ba sai a ƙi karɓarsa. Wi-Fi ɗinka lafiyarsa ƙalau, direbansa ne aka tsayar a bakin ƙofa. Sai kuma wani ya ce ka shiga wani zauren Telegram ka sauko da fayil ɗin .ko da zai gyara. Haba ɗan'uwa! Fayil ɗin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ka kai shi wurin da ya fi ko'ina iko a wayar da kake tura kuɗi da ita?

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Waya taka ce, da kuɗinka ka saya. Kamfanoni suna daina turo sabuntawa tun wayar tana da sauran ƙarfinta, kuma ROM irin LineageOS ya raya wayoyi da yawa da aka yi watsi da su. Ban ce kar a yi ba. Cewa nake a ɗauki kenel da modul ɗinsa a matsayin kaya ɗaya, kamar kwano da murfinsa, daga hannu ɗaya, don samfurin waya ɗaya.

Google ma ta sauƙaƙa abin da tsarin GKI, wato kenel na bai ɗaya. Wayoyin da suka fito da Android 12 da kenel 5.10 zuwa sama suna bin sa, kuma direbobin kamfani suna ci gaba da aiki muddin ba a fita daga reshe ɗaya ba. Amma android12-5.10 daban, android13-5.10 daban, duk da lambar ƙarshen iri ɗaya ce. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, buɗe Termux ka rubuta uname -r, wannan ba ya buƙatar rutin. Rubuta abin da ya fito a takarda. Idan kana da kwamfuta, shiga ta adb ka duba ls /vendor/lib/modules ka ga yawan direbobin da wayarka ta dogara da su. Ajiye kwafin boot.img na asali daga ainihin firmwayar samfurinka, domin shi zai dawo da kai idan abu ya ɓaci. Ka kuma sani cewa buɗe butloda yana goge duk abin da ke wayar, sannan wasu manhajojin banki kan ƙi aiki bayan haka. Idan mai gyara ne zai yi maka, tambaye shi reshen kenel ɗin da zai sa da inda ya samo modul ɗin. In ya fara kame-kame, karɓi wayarka.