Me ya sa situdiyon hoto ke komawa cikin ɗakin gida?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, duk sana'ar da ta dogara da janareta ta shiga matsi. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa.

Masu ɗaukar hoto na cikin waɗanda abin ya shafa kai-tsaye. Ga kuɗin hayar shago, ga mai, ga tsadar kyamara da fitilu da ake shigowa da su da dala.

Sai dai buƙatar hoto ba ta ragu ba. Masu sayar da atamfa, leshi, turaren wuta da takalma a WhatsApp da Instagram suna neman hoto mai kyau kullum. Wannan ne ya sa matasa da matan aure ke mayar da lungun ɗaki ko falo wurin aiki.

Haske ne jari

A ƙaramin ɗaki, haske ya fi kyamara muhimmanci. Taga da rana ba ta shigowa ta cikinta kai-tsaye tana ba da haske mai laushi kyauta. Idan rana ta yi ƙarfi, farin yadi mara kauri a jikin tagar ya wadatar. Farin kwali a ɗaya gefen kuma yana mayar da haske ya rage inuwa.

Fitilun LED ba sa cin wuta sosai, wasu ma da batirin caji suke aiki. Amma a lura: idan aka ninka nisan fitila daga mutum, hasken da ke isa gare shi yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka ƙaramar fitila a kusa ta fi babba a nesa.

Kada a haɗa ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa da hasken rana, domin launin kaya yana canjawa. Mai saye da ta ga shuɗi a hoto aka kawo mata wani launi daban, da wuya ta sake dawowa.

A bar tazarar kamar mita ɗaya tsakanin mutum da labulen baya don kauce wa inuwa. Mai amfani da waya kuma ya ja da baya kaɗan, saboda kusantar fuska yana sa hanci ya fito da girma.

Amana

Matsalar da ta fi kayan aiki nauyi ita ce shigowar baƙi cikin gida. Ya kamata a tsayar da lokutan aiki, a keɓe wurin daga sauran iyali.

Haka kuma hoton mutum amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙi a kan bayanansa. Wallafa hoton amarya ko yaro don talla ba da izini ba na iya rusa sana'ar a rana ɗaya. Kafin a ɗora kowane hoto a intanet, a nemi amincewar mai shi a rubuce, ko da ta saƙon waya ne.